Wuni ɗaya a Maskat: yadda za ka zaga birnin ka koma kafin jirgin ruwa ya tashi

Duk wanda ya taɓa shiga mota a babbar tashar Sakkwato ya san yadda ake yi. Direba ya tayar da inji, ɗan kamasho na ihu saura mutum ɗaya, kai kuwa kana can gindin mai ƙosai, ka ɗaga hannu a jira ka, kuma a jira. Jirgin ruwan yawon shaƙatawa bai san wannan zumunci ba. Yana ɗauke da dubban mutane, an yanka masa lokacin da zai bar gaɓa, wata tashar kuma na jiran sa da asuba. In an ce ƙarfe 6:00, to 6:00 ɗin ce, ko da kana tsaye a gaɓa kana ɗaga masa hula.

Na faɗi haka ne don tun da muka dawo daga zagayen da jiragen nan ke yi a Tekun Fasha, ni da Hajiya da Kawu, tambayar da aka fi yi mini a majalisarmu ta Mabera ita ce ta ranar Maskat, babban birnin Oman. Yawanci jirgin kan taso daga Dubai, ya kwana yana tafiya, ya wayi gari a can, ya ba ka awa tara ko goma, sannan ya juya. To yaya mutum zai raba waɗannan awowi? Ga yadda muka yi, da inda muka kusa yin kuka.

Tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko biza. Kada ka dogara da abin da ka karanta a shafukan Turawa, su fasfo ɗinsu daban, namu kore daban. Ka rubuta wa kamfanin jirgin, ka faɗa musu ƙarara cewa fasfon Najeriya gare ka, su ba ka amsa a rubuce kan kowace ƙasa da jirgin zai tsaya. Akwai wani tarko da ke kama mutane: in jirgi ya bar Dubai ya shiga Oman, ka fita daga Daular Larabawa ke nan, dawowarka kuma sabuwar shiga ce. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi maka ba, sai mai shiga da fita. Ka duba fasfonka ya zama da sauran aƙalla wata shida, ka haɗa da katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Na biyu, lokacin wannan zagaye shi ne hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin da hazo ke rufe mu a nan. Duk mun san yadda jirgin Abuja ke kasa sauka a filin jirgin Sultan Abubakar na Uku in ƙura ta taso. Ka bar Sakkwato da ratar kwana biyu, ka isa Dubai ana gobe jirgin ruwan zai tashi. Kuɗin kwana ɗaya a masauki bai kai kuɗin tikitin da ya bi ruwa ba.

Na uku, ka ɗauki kalanda ka duba wace rana ce jirgin zai tsaya a Maskat. Hutun ƙarshen makonsu Juma'a da Asabar ne. In ta faɗo Juma'a, kasuwa ba ta ci da safe, babban masallaci kuma ba ya karɓar masu zagaye, sai masallata. Wannan ba asara ba ce ga Musulmi, sai dai tsarin wunin ya sauya gaba ɗaya: ka zaga fadar sarki da bakin teku da safe, ka sallaci Juma'a, ka leƙa kasuwa in lokaci ya rage. Abin da zan faɗa a ƙasa na sauran ranaku ne.

Sai kuɗi. Riyal ɗin Oman ba irin na Saudiyya ba ne da alhazai suka saba, yana da nauyi ƙwarai: riyal ɗaya kusan dala 2.6 ne, wato kusan dirhami goma na Dubai. Ana raba shi zuwa baisa 1,000, shi ya sa suke rubuta farashi da lambobi uku bayan ɗigo. In ka ga 2.500 a jikin kaya, riyal biyu da rabi ke nan, ba dubu biyu da ɗari biyar ba. Kawu ya ga 1.200 a kan kwalbar zuma ya ja da baya yana salati, sai da na yi masa lissafi. Ka zo da dala ko dirhami a hannu, ka canji kaɗan a shagunan canji da ke bakin kasuwa, ka nemi ƙananan takardu, na riyal ɗaya da rabin riyal. Katin bankin naira kuwa, ka ɗauke shi kamar tayar safaya, kada ka ɗora masa wuninka.

Daren da za a isa

Kowace yamma akan ajiye takardar shirin gobe a ɗakinka, ko a saka a manhajar jirgin. Mutane na duba ta don sanin lokacin abinci. Kai abu uku za ka nema. Lokacin da jirgi zai tashi. Lokacin da ake so kowa ya kasance a ciki, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi. Da sunan wakilin jirgin a tashar Maskat da lambar wayarsa. Ka ɗauki hoton takardar, ka kuma rubuta lambar a takarda ka sa a aljihun gaba, don waya na iya mutuwa.

Daga nan sai ka fara lissafi daga ƙarshe zuwa farko. A ce tashi 6:00 na yamma ne, rufe ƙofa 5:30. Ka cire awa guda ka ajiye gefe kamar kuɗin adashi, ba naka ba ce. Wato 4:30 kana bakin ƙofar tasha. Abin da ya rage tsakanin 8:30 na safe da 4:30, shi ne rabonka. Wuri uku yake ɗauka cikin natsuwa: babban masallaci, kasuwar Matrah, da tsohon gari inda fada take. Mai son ya cusa na huɗu da na biyar, zai dawo da hotuna da yawa da ciwon ƙafa, bai ga komai ba.

Maskat na gaban Sakkwato da awa uku, kuma agogonsu ɗaya da na Dubai. Amma in zagayen ya haɗa da Doha ko Bahrain, su suna baya da awa guda, jirgi kan sanar a juya agogo da dare. Agogon jirgi shi ne shari'a. Ka ɗaura agogon hannu ka saita shi da nasu, kada ka bar wa waya, ita takan kama lokacin duk turken da ta samu. Af, kuma a cikin teku ka rufe layin wayarka. Sadarwar da jirgi ke bayarwa ta tauraron ɗan Adam ce, tana cinye kuɗin kati kamar fari a gonar gero. Ka sauke taswirar Maskat a Google Maps tun kana da intanet, don ta yi aiki ba tare da data ba.

Jakarka ta zama ƙarama: katin jirgi, wanda shi ne mabuɗin ɗakinka kuma shi ne shaidar fita da shiga; fasfo, ko kwafinsa in jirgi ya karɓi na ainihi ya ajiye; gorar ruwa; maganin da kake sha; takalmi mai sauƙin cirewa. Zafin hunturun Maskat ba zai ba wanda ya sha Afrilu a Sakkwato tsoro ba, sai dai akwai laimar teku da ke sa gumi ya ƙi bushewa.

Ka bi ayarin jirgi ko ka yi gaban kanka?

Jirgi na sayar da nasa zagayen: bas, ɗan jagora, wurare a jere. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma yana da fa'ida ɗaya da kuɗi ba ya saye a wani wuri: in bas ɗinsu ya makara, jirgi zai jira. In kai kaɗai ka makara, sai dai Allah ya kyauta. Ga wanda bai taɓa fita waje ba, ko mai tafe da tsoho ƙwarai ko ƙananan yara, ayarin ya fi. Amma ɗan jagora ba ya tsayawa don ka yi alwala, kuma minti arba'in da zai ba ku a kasuwa bai ishi matar Sakkwato gaisawa da mai shago ba, balle ciniki. Maskat gari ne mai lafiya, hanyoyinsa shimfiɗaɗɗu, tashar kuma a cikin gari take. Mai ɗan Larabci ko Turanci a baki zai iya da kansa. Mu haka muka yi.

Fita da ɗaukar tasi

Ka karya kumallo da wuri, ka kasance cikin na farkon sauka. Da sanyin safiya ake kama fara. A bakin tsani za a ɗora katinka a na'ura ta yi ƙara, ta nan suka san ka fita. Tashar sunanta Tashar Sultan Kabus, a unguwar Matrah, kuma ba a yarda a taka da ƙafa a cikinta ba. Ƙaramin bas ne ke kai mutane bakin ƙofa kyauta. Kafin ka sauka daga bas ɗin, tambayi direba inda yake ɗaukar masu komawa da lokacin na ƙarshe. Ka juya ka kalli ƙofar da kyau, ka ɗauki alamarta a ido. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton jami'ai ko kayan tasha, ba sa so.

Kana fita masu tasi za su yi maka ca. Motocinsu fari da ruwan lemu ne, direbobin kuma ’yan ƙasa ne, cikin farar jallabiya da hula mai zane da za ka rantse a Kanwuri aka ɗinka ta. Suna kiran ta kumma. Ka yi sallama cikakkiya, ka tambayi lafiya, sannan ka shiga magana. Ka faɗi wuraren a fili: Jami'ul Akbar, wato babban masallaci, a jira ku awa ɗaya da rabi, a dawo da ku Suƙ Matrah, wato kasuwar Matrah. Ka tabbatar da abu uku kafin ka buɗe ƙofa: farashin na riyal ne, na mota ɗaya ne ba na kowane kai ba, kuma ya haɗa da jira da dawowa. Ka sa ya rubuta lambar a wayarsa ka gani. Biya sai an dawo. In na bakin ƙofa sun tsuga kuɗi, taka ’yan sahu zuwa babban titi, farashi kan sauka. Ka karɓi lambar wayar direban, ka haddace lambar motar, don a filin ajiye motoci na masallaci duk kama ɗaya suke.

Babban masallaci

Shi ne mafi nisa, a yankin Baushar, tafiyar kusan rabin awa, kamar ka tashi daga cikin gari zuwa Kware. Shi ya sa ake fara da shi: abin da ke nesa a gama da shi tun rana ba ta yi ba, yamma ta same ka kusa da jirgi. Akwai kuma dalili na biyu. Lokacin masu ziyara daga 8:00 ne zuwa 11:00 na safe, Asabar zuwa Alhamis, a lokacin ne kake da tabbacin samun babban zauren a buɗe ka zaga a tsanake. Bas-bas ɗin jirgi kan iso wajen 9:30, in ka riga su ka more.

Sultan Kabus, wanda ya mulki Oman daga 1970 har rasuwarsa a Janairun 2020, shi ya gina shi, aka buɗe a 2001. Yana ɗaukar masallata 20,000 in an haɗa da harabarsa. Babbar hasumiyarsa ta kai mita 90, da ƙanana huɗu a kusurwoyi. Shigarmu ta gida, babbar riga ko kaftani, hijabi ko abaya da mayafi, ta wadatar. Turawa ne ake tsayarwa a ƙofa ana ba su abin rufe jiki. Akwai ramukan ajiye takalma, ka lura da wanda ka sa naka.

In ka shiga, kowa sama yake kallo, wajen fitilar ado da ke rataye a tsakiyar ƙubba, mai tsawon mita 14. Ka kalle ta, ta cancanta. Amma ka sunkuyar da kai ka dubi abin da ke ƙasa. Dardumar nan a Iran aka saƙa ta da hannu, mata wajen 600 suka shekara huɗu a kanta, nauyinta tan 21. An shimfiɗa wani shuɗin yadi inda masu ziyara ke bi don kada a tattake ta. Hajiya, wadda mahaifiyarta ta yi saƙar hannu har ta tsufa, ta tsuguna a gefen yadin tana bin ƙullin zaren da ido, tana ƙirga a ranta. Da ƙyar na tayar da ita.

Kawu kuwa wani abu daban ya ɗauke masa hankali. Ya ga wani dattijo Ba'omane yana nafila hannuwansa a sake. Ya taɓo ni.

“Kai, wanga ai irin sallarmu ce. Ba-Malike ne?”

Na ce a'a, Kawu, da yawan mutanen nan Ibadiyya ne, su ma sakin hannu suke yi. Ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya gyara tsayuwa ya yi tasa raka'a biyu a gefe. Babu wanda ya dube shi. A Oman Ibadi da Sunni da Shi'a kan yi sahu ɗaya, kuma ba ƙasar da ake son gardamar mazhaba a bainar jama'a ba ce. Mai wannan ɗabi'a ya bar ta a gida.

A harabar akwai inda masu hidima ke ba baƙi gahawa da dabino kyauta. Ƙaramin finjali ne, ana zuba kaɗan. Ka karɓa da dama. In ka ƙoshi ka ɗan girgiza finjalin kafin ka miƙa, in ba haka ba za a yi ta ƙara maka. Ƙarfe 10:30 ta same ka a mota.

Kasuwar Matrah

A tsari, kasuwa ce ya kamata ta zo ƙarshe tunda ita ce a bakin jirgi. Amma tana da al'adarta: wajen ƙarfe 1:00 na rana yawancin shaguna kan rufe, sai bayan La'asar su buɗe, lokacin da kai kuma kana shirin komawa. Wasu kan bar nasu a buɗe ranar da jirgi ya zo, amma waɗannan masu kayan tsaraba ne na Turawa, da farashin Turawa. Don haka ka ba ta daga 11:00 zuwa 1:00.

In direba zai yarda, ya sauke ku a kasuwar kifi da ke kusa da ƙofar tasha, minti goma sun isa. Na ɗauka wanda ya ga giwan ruwa a Argungu ya gama ganin kifi, sai ga tuna a jere a kan tebur, kowanne ya yi tsawon yaro, ana datsa shi da wuƙa kamar naman sa. Daga nan ka bi bakin teku da ƙafa, duwatsu baƙaƙe a bayan fararen gidaje, jirginka na tsaye a hagu kamar unguwa guda. Za ka wuce wani masallaci mai shuɗiyar ƙubba. Bayansa akwai unguwar Lawatiya mai katanga, wadda mazaunanta ba sa son baƙi su shiga, kada ka kutsa. Gaba kaɗan sai bakin kasuwa.

Rufaffiya ce, lungu cikin lungu, har suna yi mata laƙabi da kasuwar duhu. Hanci ne zai fara gaya maka ka iso. Babbar hanya na shiga ciki ta rabu biyu. Ka riƙe wannan mararraba a ka, kuma ka tuna gangara ita ke kai mutum teku. Shagunan bakin ƙofa na masu gaggawa ne. Ka nutsa ciki inda ka ga matan gari na saye.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne lubban. Ƙaro ne na wata bishiya da ke fitowa a kudancin ƙasar, yankin Zufar wajen Salala, ’yar uwar hano ɗinmu da wasu ke kira ararraɓi. Ana tsaga bawon, ƙaron ya tsatso ya daskare, a bi a tsince. Daraja-daraja ne. Mafi tsada shi ne hojari, mai haske, fari-fari ko mai ɗan kore, manyan ƙwayoyi. Mai duhu da tsakuwa-tsakuwa ya fi araha, shi ake turara gida da shi kullum. Kada ka sayi wanda aka riga aka ƙulle a leda da hoton raƙumi. Ka ce a buɗe buhu, ka ɗebo a tafin hannu ka ɗaga wa haske, ka murza ƙwaya ɗaya ka shinshina. Mai shago na da kasko da garwashi a gefensa, ka ce ya ɗora maka ɗaya. Na kirki hayaƙinsa fari ne, ƙamshin da ɗan tsami kamar ɓawon lemu, ba ya shaƙe maƙogwaro. A auna a gabanka, da kilo ko rabi.

Ciniki akwai shi, amma ba irin na Kara ba, inda za ka taya rabi a yi ta ja har a kira dillali. Nan a hankali ake yi, murya ƙasa. Ka tambayi shago uku kafin ka taya. In ka haɗa kaya da yawa wuri ɗaya, ka nemi ragi a kan jimla, ya fi sauƙin samu. Zinariya da azurfa kuwa awo ne, kuɗin aiki kawai ake ragewa. Da yawan masu jiran shago ’yan Indiya ne da Pakistan, Turanci ya wadatar. Kada ka yi mamaki in wani dattijo ya dube ka ya yi maka Suwahili. Oman ta daɗe tana mulkin Zanzibar. Sayyid Sa'id, wanda ya yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har can ya mayar da fadarsa wajen 1840, kuma iyalai da yawa daga can suka dawo.

Sai alewarsu, halwa, wadda sunanta da namu tushe ɗaya ne amma ba kama ɗaya ba. Tasu mai laushi ce kamar kamu ya daskare, da man shanu da sukari da za'afaran da ruwan wardi, ana ci da cokali tare da gahawa. Ka ɗanɗana kafin ka saya, ka zaɓi mai rufaffen mazubi. Hula kumma ma tsaraba ce da ba ta da nauyi. Ta hannu ta fi ta inji tsada ninkin-ba-ninkin, ka juya cikinta, ta hannu ɗinkinta ba ya zama daidai wa daida. Ni kuma na sayi lanƙwasasshiyar wuƙar nan tasu ta ado, hanjar, wadda ke jikin tutarsu. Zan dawo kanta.

Azahar da abinci

Masallatai na nan kewaye da kasuwa, yawanci da sashen mata. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka, amma in ka bi limamin gari cikawa za ka yi. Batun haɗa Azahar da La'asar kuwa, ka zauna da malaminka tun a gida, don malamanmu na Malikiyya sun bambanta tafiyar tudu da ta ruwa a wannan babi. Abinci a gari halal ne, ka ci hankali kwance. Ƙananan gidajen abinci na bakin teku na da shinkafa da kifi ko kaza, da shayin karak mai kauri. Kada ka koma jirgi don cin abincin rana wai ai ka riga ka biya. Shiga da fita za su cinye maka awa ɗaya da rabi.

Tsohon gari

Daga kasuwa zuwa can tafiyar minti goma ce a tasi, ta bakin teku, ka wuce wani ƙaton farin kaskon turare da aka gina a kan dutse. Za ka shiga ta ƙofar gari. Har zuwa 1970 ana kulle ƙofofin Maskat da dare, mai yawo a ciki kuma sai da fitila a hannu. Kawu ya ce to ai mu ma da haka Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya suke, bambancin kawai su sun gyara tasu.

Fadar Al-Alam ba a shiga, daga bakin ƙarfe ake kallo. An sake gina ta a 1972, ginshiƙanta shuɗi da ruwan zinariya, masu buɗewa a sama kamar laima. Ta bukukuwa ce da karɓar manyan baƙi. Ka zaga ta gefe zuwa bakin ruwa, a nan za ka ga ganuwa biyu a kan duwatsu suna harar juna, Jalali da Mirani. Turawan Fotugal ne suka gina su a shekarun 1580, bayan sun kama garin a 1507, har Imam Sultan bin Saif ya kore su a 1650. Jalali ta daɗe tana zaman kurkuku. Minti talatin sun ishi wannan duka, kuma babu inuwa sosai.

Sauran lokacin ka ba Gidan Tarihi na Ƙasa da ke fuskantar fada, wanda aka buɗe a 2016. Akwai kuɗin shiga, akwai sanyi, akwai kujeru, abin da gwiwar Kawu ke nema tun safe. Sashen jiragen ruwa na katako ya fi burge ni. Mai son kayan sawa da makamai na gargajiya ya tafi Baituz Zubair, nan kusa. Ɗaya za ka zaɓa, taura biyu ba ta taunuwa. Ka sani kuma tasi ba ta yawo a tsohon gari kamar bakin kasuwa, don haka ka yi alkawari da wanda ya kawo ka ya dawo 4:00.

Komawa

A nan muka yi kuskure. Mun iso Matrah 4:20, daidai yadda na tsara. Sai ga kasuwa ta buɗe, fitilu sun kama, masu tsiren nan nasu da suke kira mishkak sun fara hura wuta. Hajiya ta ce ta manta ba ta sayo wa Inna nata lubban ba.

“Alhaji, minti biyar. Ga jirgin can ina ganinai, mi kake ma sauri?”

Gaskiya ana ganin sa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Abin da ido bai nuna ba shi ne tafiyar ƙafa zuwa ƙofa, da layin duba kati, da jiran bas, da zagayen da bas ɗin zai yi cikin tasha. Minti biyar suka zama talatin da biyar. Mai tasin da muka tare don ya rage mana hanya ya kai mu wata ƙofar da ba tamu ba, sai da muka juyo. Muka isa 5:15, bas ya cika ya tafi a gabanmu. Na tsaya ina kallon agogo, Kawu na jan carbi da ƙarfi, Hajiya ta rungume ledarta ba ta ce uffan ba. Wanda ya zo bayansa shi ne na ƙarshe. Na'ura ta karanta katina 5:28, ma'aikata sun riga sun fara kwance rumfar bakin tsani.

In ta faru ka ga ba za ka isa ba, kada ka ɓata lokaci da gudu. Kira lambar wakilin nan tun kafin lokaci ya cika, ka faɗi sunanka da lambar ɗakinka da inda kake. Wani lokaci kyaftin kan ƙara ’yan mintuna in ya san kana hanya, amma ba haƙƙinka ba ne. In jirgi ya tashi, akan bar fasfonka a hannun wakilin, shi zai taimaka maka da hukumar shige da fice. Tikitin jirgin sama zuwa tasha ta gaba da masauki duk daga aljihunka ne, kuma da koren fasfo, bizar da za ta ba ka damar bin sa ta sama ba lallai ta samu a kwana ɗaya ba.

A bakin shiga ana saka jaka a na'ura kamar filin jirgin sama. Lubban da alewa da hula za su wuce. Amma kada Hajiya ta ce za ta gwada turaren a ɗaki: wuta ko garwashi haramun ne a jirgi, kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Wuƙata kuwa a nan ta tsaya. Jami'in ya zare ta, ya duba, ya naɗe, ya manna lambar ɗakina, ya ba ni ’yar takarda ya ce in zo da ita ranar sauka. Ka adana irin wannan takarda tare da fasfo, kuma in ka karɓi wuƙar ka tura ta cikin babban akwati, kada ta bi ka jakar hannu a filin jirgin Dubai. Tawa sai da na zazzage aljihu uku kafin na samo takardar, a cikin ledar alewa, ta yi maiƙo.